Kalmar "Acute": Daga Tsinin Allura Zuwa Takardar Likita

Cikin kalmomin Ingilishi masu rikita jama'a, har da waɗanda suka yi nisa a boko, akwai kalmar nan "acute". Asalinta daga Latin ne, watau harshen Rumawan dā, inda "acus" ke nufin allura, "acutus" kuwa abin da aka wasa har ya yi tsini. Saboda haka tushenta ya fi kusa da tsini bisa ga kaifi, gama wuƙa yanka take yi, allura kuwa huda.

Daga nan ne Turawa suka yi ta faɗaɗa ma'anarta. A darasin lissafi, kusurwar da ba ta kai digiri 90 ba ita ake kira "acute", domin bakinta a tsuke yake kamar na mashi. Mutumin da ke saurin gano bakin zaren magana, shi ma da ita ake yabonsa, kamar dai yadda Bahaushe kan ce wane yana da kaifin basira.

Amma inda ya kamata a yi hattara shi ne asibiti. Sau da yawa mutum kan ga kalmar a takardar likita sai gabansa ya faɗi, yana tsammani ciwonsa ya fi ƙarfin magani. Alhali kuwa a wurin likitoci, "acute" ciwo ne mai zuwa farat ɗaya kamar sukar allura, ba ya kuma daɗewa. Ko mura ma tana cikin irinsa. Kishiyarsa ita ce "chronic", watau ciwo mai zama da mutum shekara da shekaru, kamar hawan jini da ciwon suga. Sunan cutar SARS, wadda ta ɓulla a ƙasar Sin cikin 2002, ya isa shaida: a cikinsa an jera "severe" da "acute", ta fari tana nuna tsanani, ta biyu tana nuna zuwan gaggawa. Da ma'anarsu ɗaya ce, da ba a haɗa su ba.

Duk da haka, rashin daɗewa ba shi ne rashin haɗari ba. Kwalara ma farat ɗaya take zuwa, tana kuwa iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin sa'o'i kaɗan in ba a mayar masa da ruwan jikinsa ba. To, wanda ya ga kalmar a takardarsa kada ya firgita, kada kuma ya yi sakaci. Ya tambayi likita tsananin ciwon, sa'an nan ya nemi magani tun da wuri.