Ƙauyukan Japan da Birane Suka Haɗiye

Ranar 1 ga Fabrairu, 2005, birnin Takayama da ke lardin Gifu a tsakiyar ƙasar Japan ya wayi gari ya ninka girmansa fiye da sau goma sha biyar. Ba wani sabon gini aka yi ba. Ƙananan hukumomi tara da ke kewaye da shi ne aka rushe aka zuba su a cikinsa: garuruwan Kuguno da Kokufu, da ƙauyukan Nyukawa, Kiyomi, Shokawa, Miya, Asahi, Takane da Kamitakara. Birnin da a da faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 140 ba ya koma 2,177, wato ya fi lardin Osaka gaba ɗaya faɗi, kuma kaɗan ya rage ya kamo Tokyo. Daga gabas zuwa yamma tafiyar kilomita 81 ce. Mutanen da ke cikin wannan makeken fili a lokacin ba su wuce 96,000 da 'yan kai ba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar daji ne da duwatsu. Har yau babu ƙaramar hukumar da ta kai Takayama faɗi a Japan.

Japan tana da larduna 47, kuma a ƙarƙashinsu akwai ƙananan hukumomi iri uku: birni, wanda suke kira shi, da gari, wato machi ko cho, da ƙauye, wato mura ko son. Kalmar ƙauye a nan tana iya ruɗar mai karatu. Mura cikakkiyar hukuma ce mai zaɓaɓɓen shugaba da majalisar kansiloli da kasafin kuɗinta da sakatariyarta, ko da mutanenta ba su kai dubu ba. Ita ke riƙe da makarantun firamare da ƙananan sakandare, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ruwan sha, da kwashe shara, da wani ɓangare mai yawa na kula da tsofaffi. Saboda haka rushe ƙauye a Japan rushe gwamnati ce sukutum.

Sau uku aka yi guguwar haɗe-haɗen, kuma kowacce da sunan zamanin sarkin da aka yi ta ake kiranta. Ta farko ita ce ta zamanin Meiji, a 1888 zuwa 1889, inda garuruwa da ƙauyuka 71,314 suka koma 15,859. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne gidaje 300 zuwa 500, adadin da ake ganin zai iya ɗaukar nauyin makarantar firamare guda da karɓar haraji. Ta biyu ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a zamanin Showa. Sabon tsarin ilimi ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin ƙaramar sakandare, sai dokar 1953 ta yanke cewa hukuma tana bukatar mutum 8,000 ko fiye kafin ta iya. Daga 9,868 a 1953 adadin ya sauko zuwa 3,472 a 1961. A duka biyun makaranta ce mudun awo, kuma ƙasar tana cike da yara.

Guguwa ta uku, ta zamanin Heisei, dalilinta akasin haka ne. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 yara sun yi ƙaranci, karkara ta tsufa, matasa sun tafi birane, tattalin arziki ya tsaya cik, bashin gwamnati kuma yana ta hauhawa. Ƙananan ƙauyuka da yawa harajin da suke tarawa bai kai ko kusa da abin da suke kashewa ba. Kason da gwamnatin tsakiya ke rabawa shi ke cike giɓin, kuma gwargwadon ƙanƙantar hukuma gwargwadon tsadar kowane mutum a cikinta. A lokaci guda ana son a miƙa wa ƙananan hukumomi ƙarin ayyuka, ciki har da inshorar kula da tsofaffi da aka fara a 2000, ayyukan da ke bukatar ƙwararrun ma'aikata waɗanda ƙauye mai ma'aikata 'yan ƙalilan ba shi da su. Jam'iyyun da ke mulki suka sa wa kansu burin rage adadin zuwa 1,000.

A takarda ba a tilasta wa kowa ba. Abin da gwamnati ta yi a gyaran dokar haɗewa na 1999 shi ne ta shafa zuma a bakin ƙofa. Duk hukumomin da suka haɗe za su iya cin wani bashi na musamman da zai biya kashi 95 cikin ɗari na kuɗin manyan ayyuka, sannan gwamnatin tsakiya ta ɗauke musu kashi 70 na biyansa. Haka kuma za a ci gaba da lissafa kasonsu na shekara goma kamar ba su haɗe ba, sannan a rage a hankali cikin shekara biyar. An kuma sassauta sharaɗin zama birni daga mutum 50,000 zuwa 30,000. Sai dai garaɓasar tana da wa'adi: a nemi izini kafin ƙarshen Maris 2005, a kammala kafin ƙarshen Maris 2006. Ana cikin haka gwamnatin Firaminista Koizumi Junichiro ta zabtare kason ƙananan hukumomi, musamman a 2004. Shugabannin ƙauyuka suka duba lissafinsu suka ga ba sarki sai Allah. Wannan ne ya sa mafi yawan haɗe-haɗen suka taru a 2004 zuwa farkon 2006. Hukumomi 3,232 na Maris 1999 suka koma 1,821 a Maris 2006, sannan 1,727 a Maris 2010. Ƙauyuka ne suka fi shan kashi, daga 568 zuwa 184.

Ga wanda ya saba da Nijeriya, inda kowane yanki ke fafutukar a ƙirƙiro masa ƙaramar hukuma a kan 774 da ake da su, abin zai yi kama da an juya duniya. Amma tushen lissafin ɗaya ne. A nan da can, inda kason gwamnatin tsakiya ya karkata nan taswira ke bi.

Guguwar ba ta kaɗa daidai a ko'ina ba. Lardin Hiroshima ya sauko daga 86 zuwa 23, Nagasaki daga 79 zuwa 21, Niigata daga 112 zuwa 30. Osaka kuwa guda ɗaya tak ta rasa, daga 44 zuwa 43, domin biranenta suna da mutane da kuɗi. Yau akwai larduna 13 da babu ko ƙauye ɗaya a cikinsu a hukumance, alhali lardin Nagano mai yawan duwatsu yana da 35.

Haɗewar iri biyu ce. Akwai wadda duk hukumomin ke rushewa a kafa sabuwa, akwai kuma wadda babba ke haɗiye ƙanana ya ci gaba da sunansa da shugabansa, irin ta Takayama, da ta Hamamatsu da ta kwashi hukumomi 11 a Yuli 2005. A iri na farko, abu biyu ne suka fi kawo rigima: inda za a ajiye babbar sakatariya, da suna. Ba wanda yake son a ce sunan maƙwabcinsa ne ya rayu nasa ya mutu, don haka aka riƙa ƙago sunayen da ba na kowa ba. Aka samu Shikokuchuo, wato tsakiyar tsibirin Shikoku, da Minami-Alps a lardin Yamanashi, wanda ya aro rabin sunansa daga duwatsun Turai. A lardin Aichi, garuruwan Mihama da Minamichita sun so su laƙaba wa kansu Minami-Centrair, daga laƙabin wani sabon filin jirgin sama da ba ma a cikin ƙasarsu yake ba. Surutu ya yi yawa, aka je ƙuri'ar raba gardama a 2005, jama'a suka yi watsi da haɗewar gaba ɗayanta.

Abin da ke faruwa da tsohon ƙauye bayan an haɗiye shi ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne alƙaluma ba su cika nunawa ba. Kafin ranar akan yi bikin rufe ƙauye. A taru a zauren taro, shugaba ya yi jawabi, 'yan makaranta su yi waƙa, a sauke tutar ƙauyen a naɗe ta. Washegari allon da ke ƙofar sakatariya ya canza, ginin ya koma reshen ofishin birni. Da farko ba a jin bambanci sosai, domin takardar shaidar zama da biyan haraji duk ana yinsu a nan. Amma shekara bayan shekara ana janye ma'aikata zuwa hedikwata, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu, har benen sama ya zama kango, zauren majalisar ya koma ma'ajiyar kaya. A ƙauyen da ke cikin duwatsu, sakatariya ita ce babbar ma'aikata. Ma'aikatanta su ne matasa masu iyali, 'ya'yansu ne ke cika aji, su ne 'yan sa-kai na kashe gobara, su ne masu ɗaukar kaya ranar bikin gargajiya. In suka koma birni, mai sayar da abincin rana da mai kantin takardu da ɗan kwangilar da ke share dusar ƙanƙara duk sai sun ji a jikinsu.

Murya ma tana raguwa. Ƙauyen da ke da kansiloli goma ko goma sha biyu, a sabuwar majalisa da ƙyar ya samu ɗaya, wani lokaci ko ɗayan babu. Doka ta yarda tsofaffin kansiloli su ci gaba da zama har shekara biyu, abin da ya haifar da majalisu masu mutum fiye da ɗari da sai an nemi babban zaure kafin su zauna, amma da wa'adin ya cika sai yawan ƙuri'a ya yi halinsa. Tsohuwar da a da za ta tari shugaban ƙauye a hanya ta yi masa ƙorafin magudanar ruwa, yanzu sai dai ta faɗa wa ma'aikacin reshe, shi kuma ya aika sama ya jira amsa.

Ba za a ce babu riba ba. An rage kuɗin albashin shugabanni da kansiloli, manyan hukumomi sun iya ɗaukar injiniyoyi da ma'aikatan lafiya na musamman, kuma bashin nan mai rangwame ya gina makarantu da hanyoyi da sababbin sakatariyoyi, ko da yake wasu gine-ginen sun zama kaya a wuyan masu kula da su. Sai dai ribar ta fi taruwa a tsakiya. A 2019 ƙungiyar lauyoyin Japan ta kwatanta ƙananan garuruwa da ƙauyuka bibbiyu masu maƙwabtaka da kama da juna, ɗaya ya haɗe ɗaya ya ƙi. A cikin tagwaye 47, a 43 wanda ya haɗe ne ya fi saurin rasa mutane. Ana iya gardama cewa mai rauni ne tun asali ke neman mafaka, amma bambancin ya fi ƙarfin a share shi.

Bala'in 11 ga Maris, 2011, ya fito da wani ɓangaren a fili. Birnin Ishinomaki a lardin Miyagi ya haɗe da garuruwa shida a 2005, ciki har da Ogatsu, garin da ya shahara da sassaƙa dutsen niƙa tawada. Da girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka auka, hanyoyi suka yanke, aka bar rassan ofis da ma'aikatan da an riga an rage, kuma ba su da ikon yanke manyan shawarwari. Tsarin sake gina Ogatsu ma daga hedikwata aka ja ragamarsa. Garin da ke da mutum wajen 4,000 kafin bala'in ya koma kusan 1,000, kuma masu bincike da dama sun ɗora wani ɓangare na laifin a kan nisan masu mulki.

Wasu biranen sun nemi magani. Joetsu a lardin Niigata, wanda ya kwashi hukumomi 13 a Janairu 2005, ya mai da kowacce yanki mai majalisar shawara, kuma ya buɗe ƙofa mazauna su tsaya takarar kujerunta, duk da cewa shawara kawai take bayarwa. Gwamnatin tsakiya ita ma daga 2014 ta gyara lissafin kaso domin ya ƙunshi kuɗin riƙe rassan ofis, wanda amincewa ce a fakaice cewa ba a samu tsimin da aka yi zato ba.

Akwai kuma waɗanda suka ce a kai kasuwa. Majalisar garin Yamatsuri a lardin Fukushima ta ayyana a Oktoba 2001 cewa ba za ta haɗe da kowa ba. Garin ya ɗaure ɗamara, ya rage ma'aikata, ya kafa ɗakin karatu da littattafan da mutane suka aiko kyauta daga ko'ina a ƙasar, kuma daga 2008 zuwa 2024 ya riƙa biyan kansiloli yen 30,000 a kan kowace ranar da suka yi aiki maimakon albashin wata. Ƙauyen Shirakawa, mai gidajen nan masu rufin ciyawa da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1995, shi ma bai bi maƙwabtansa zuwa Takayama ba.

Sunayen tsofaffin ƙauyukan ba su ɓace gaba ɗaya ba. Mafi yawansu sun koma sunan unguwa a cikin adireshi, don haka mutumin Kiyomi yana rubuta birnin Takayama, sannan Kiyomi. Suna nan a jikin makarantu da wuraren bauta da tashoshin hutun matafiya inda ake sayar da amfanin gonar yankin. Wani ƙauyen har lardi ya sauya. Yamaguchi na lardin Nagano ya shiga birnin Nakatsugawa na lardin Gifu a Fabrairu 2005, bayan doguwar taƙaddama da gwamnan Nagano na lokacin, Tanaka Yasuo, ya ƙi goyon baya. Da shi aka tafi da tsohon zangon Magome, mahaifar marubuci Shimazaki Toson, wanda Nagano ta daɗe tana alfahari da shi.

A 2010 gwamnati ta daina tura hukumomi su haɗe, ba tare da an kai ga 1,000 ɗin ba. Haɗewa ta ƙarshe ita ce ta garin Iwafune da ya shiga birnin Tochigi a Afrilu 2014, kuma tun daga nan adadin ya tsaya a 1,718: birane 792, garuruwa 743, ƙauyuka 183. Takayama kuwa, ƙidayar 2020 ta same ta da mutum wajen 84,000, kuma raguwar ta fi tsanani a tsofaffin ƙauyukan gefe irin su Takane, can gindin mashigar Nomugi.