Kamun kifi da hunturu: ina kifin yake shiga?

A Disamba da Janairu, idan ka yi sammako zuwa dam ɗin Warwade ko kogin Haɗeja wajen Ringim, sau da yawa hannu Rabbana za ka dawo. Kifin yana nan, sanyi ne ya kora shi ƙasa. Jikinsa yana bin ɗumin ruwa, shi ya sa yake rage yawo da cin abinci, musamman karfasa.

To, bari sai hantsi ya dubi ludayi, ka yi ta yi har la'asar. Nemi gurbi mai zurfi, sa wa ƙugiya tana, ka sauke ta har ƙasa inda tarwaɗa ke kwanciya. Raga mai ƙananan idanu kuwa, ajiye ta, don 'ya'yan kifin daminar bana take kwashewa tun ba su yi girman sayarwa ba.