Kafin Katafila ta Iso: Gaskiya da Ƙarya Kan Dokar Nazarin Muhalli a Katsina

Duk wanda ya zauna a birnin Katsina cikin 'yan shekarun nan ya san yadda magana ke tashi da zarar an ga masu awo da sandunansu a bakin hanya. Kafin la'asar labari ya karaɗe unguwa, kowa da nasa. Haka aka yi lokacin aikin gadojin ƙarƙashin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, haka aka yi da sabuwar hanyar da ta zagaye gabashin gari, haka kuma ake yi har yau kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Kwarin Tama a watan Fabrairun 2021. A cikin wannan hira akwai haruffa uku da ke yawan fitowa: EIA. Ma'anarsu nazarin tasirin da aiki zai yi wa muhalli, wanda doka ta ce a yi shi kafin a kafa ko da turke ɗaya. Na saurari abin da ake faɗa a kansa a majalisu da teburan masu shayi, na tarar gaskiya da ƙarya sun cakuɗe, kuma cakuɗewar tana jawo mana asara.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai dabara ce ta Turawa don su hana mu ci gaba. Akwai ɗan abin kamawa a ciki, domin a Amurka aka fara kafa irin wannan doka, ta fara aiki a farkon 1970. Amma tamu ba roƙonmu aka yi muka karɓa ba, wuya ce ta koya mana. A 1988 aka gano cewa wasu 'yan kasuwa daga Italiya sun jibge dubban gangunan guba a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, a wani fili da suka karɓa haya kan dala 100 a wata. Ma'aikatan da suka kwashe gangunan sun sha ƙuna da ciwo. A wannan shekarar gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, sannan a 1992 ta fitar da Doka ta 86, wadda ita ce dokar nazarin muhallin da ake aiki da ita har yau. A 1999 aka haɗe FEPA cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Hukumar NESREA kuwa, mai bin sawun masu karya dokokin muhalli, ɗan wannan gari ne ya sa hannu a dokar kafa ta: marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, a 2007.

Mu 'yan Arewa ma ba sai mun je Koko neman hujja ba. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a shekarun 1970, tun babu wannan doka. An tashi dubban manoma, fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suke noma da ita, kuma a watan Afrilun 1980, da mutane suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, aka turo 'yan sanda, aka zubar da jini. Madatsar Tiga da ta Challawa a Kano sun rage ruwan da ke isa dausayin Haɗejiya da Nguru, masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka ɗanɗana kuɗarsu. Tambayar da ba a yi da kyau ba a wancan lokaci, wato wa zai ci riba, wa zai yi asara, ita ce dokar 1992 ta wajabta a yi.

Sai masu cewa aikin gwamnati ba ruwansa da wannan doka, don kamfanoni kawai aka yi ta. Wannan ba gaskiya ba ne. Tun a farkonta dokar ta ambaci ɓangaren gwamnati da na 'yan kasuwa tare, ta ce kada ɗayansu ya fara aiki ko ya ba da izinin farawa ba tare da an fara duba illarsa ga muhalli ba. Ta bar ƙofa a wurare kaɗan, kamar lokacin dokar ta-ɓaci, ko aikin gaggawa don ceton lafiya da rayuka, ko inda aka tabbatar illar ba ta taka kara ta karya ba. An kuma taɓa taka wa gwamnatin jiha birki. Lokacin da jihar Kuros Riba ta tashi yin wata babbar hanya mai kimanin kilomita 260 da za ta keta dazuzzukanta, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta sa aka dakata, aka yi ta mayar da rahoton don gyara, har aka sauya wa hanyar layi kafin a ba da amincewa mai sharuɗɗa a 2017. Ma'aikatar tarayya ce ke ba da takardar amincewa, ma'aikatar muhalli ta jiha tana zama cikin masu duba rahoton.

Ruɗanin da ya fi damuna shi ne na diyya. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan aka ce an zo yin EIA, to lissafin kuɗin gidaje da gonaki ake yi. Na ga magidanta sun halarci taron jin ra'ayi, suka rubuta suna a takarda, suka koma gida suna jiran a kira su banki. Takardar halarta ce kawai suka cika. Diyya tana ƙarƙashin wata doka daban, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, ta kuma ce a biya mai shi kuɗin abin da ya ɗora a kai: gini, shuka, itatuwa masu amfani, rijiya da makamantansu. Masu ƙiyasta diyya daban, ofishinsu daban. Inda abubuwan biyu ke haɗuwa shi ne a ayyukan da Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ke sa kuɗi, irin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Katsina ke ciki tare da sauran jihohin Arewa. Waɗannan bankuna suna sharɗanta a rubuta tsarin sake tsugunar da waɗanda aiki zai shafa, kuma ƙa'idarsu ta fi tamu faɗi, har mai rumfa a bakin titi da ba shi da takardar fili tana lissafawa da shi. Illar wannan ruɗani a fili take: mutum ya je taron da aka kira don a ji ina ruwan sama zai bi bayan an ɗaga hanya, ya ƙare lokacinsa yana tambayar nawa za a ba shi, ya fito bai samu amsar ko ɗaya ba.

Akwai kuma jita-jitar cewa duk mai gina shago ko gidan kwana sai ya nemo wannan takarda. A'a. Dokar tana da jerin ayyukan da nazari ya zama dole a kansu, kuma manya ne: filin noma mai kadada 500 ko fiye, aikin noma da zai tashi iyalai 100, madatsar ruwa da fuskarta ta kai kadada 200, rukunin gidaje mai kadada 50, sabon layin dogo, manyan hanyoyin ƙasa, filin jirgin sama, haƙar ma'adinai, wurin fasa dutse da ke cikin kilomita 3 daga gidajen jama'a. Abin da ke tsakiya, ma'aikata ce ke tantancewa ta ga ko yana buƙatar cikakken nazari ko taƙaitacce. Mai gina gidansa izinin hukumar tsara birane yake buƙata. Wanda ya zo maka da wata magana bayan wannan, nemi ya nuna maka a rubuce.

Sai dai a nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da ke cin birnin Katsina a damina galibi ba manyan ayyuka ba ne. Ƙananan ne, ɗaya bayan ɗaya. A unguwar da na tashi akwai wani kududdufi da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, shi ke shanye ruwan layuka huɗu. Aka cike shi da shara, aka yanka fulotai, aka gina. Babu fulotin da ya kai girman da dokar tarayya za ta waiwaye shi, amma tun daga lokacin, ruwan Agusta a zaurukan mutane yake kwana. Mun kuma ga abin da ruwa ya yi a Jibiya a watan Yulin 2018, inda ya ci rayuka sama da 40 cikin dare ɗaya. Wannan giɓin aikin jiha ne da ƙananan hukumomi da masu unguwanni, ba wanda zai zo daga Abuja ya cike mana shi.

Masu cewa takarda ce kawai, ba ta da haƙora, ba zan ƙaryata su gaba ɗaya ba. Mai aikin shi ke ɗaukar ƙwararrun da za su yi nazarin, shi ke biyansu, ko da yake dole su kasance cikin waɗanda ma'aikata ta yi wa rajista. Wanda ka ci abincinsa da wuya ka faɗi aibin miyarsa. Tarar da aka rubuta a 1992 kuwa ita ce naira 100,000 ko ɗaurin shekara 5 ga mutum ɗaya, kamfani kuma daga naira 50,000 zuwa miliyan 1. A lokacin dala ba ta wuce naira 20 a farashin hukuma ba. Yau naira miliyan 1 ba ta kai dala 1,000 ba, ga ɗan kwangilar da ke riƙe da aikin biliyoyi. Wannan gaskiya ne, kuma abin kunya ne a ce bayan shekara fiye da 30 har yanzu ana maganar gyara. Amma ba tara ce kaɗai sandar ba. NESREA tana da ikon rufe wurin aiki. Banki mai ba da bashi yana iya riƙe kuɗinsa. Kotu ma tana nan.

Ƙaryar da ta fi kowace tsada ita ce wai talaka ba shi da ta cewa. Dokar ta ce kafin a yanke hukunci a ba jama'a da masana da duk mai ruwa da tsaki damar faɗin ra'ayinsu. A aikace, ana ajiye daftarin rahoton na kwanakin aiki 21 a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa, a yi sanarwa a jarida da rediyo, sannan kwamitin masana ya zauna ya duba shi tare da abin da jama'a suka rubuto. Matsalar ita ce rahoton da Turanci yake, ɗaruruwan shafuka, sanarwar kuma sau da yawa tana wucewa ba wanda ya lura. Ina ganin haƙƙinmu ne mu nemi a riƙa taƙaita shi da Hausa, a karanta a gidajen rediyon jiha, a aika wa hakimai da dagatai kwafi.

Kafin a kai ga haka, babu unguwar da ta rasa ɗa ko 'ya da ta yi karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman. A tura su su karanta. Su duba ko an ɗauki bayanan damina da na rani duka, domin wanda ya auna fili a watan Maris bai san inda ruwa ke bi ba. Su duba ina za a haƙi ƙasar ciko, da wanda zai rufe ramin bayan an gama, don irin waɗannan ramuka ne ke cika da ruwa yara su faɗa. Su duba ina magudanar za ta zubar da ruwanta, ko an lissafa maƙabarta da burtali da rijiyoyi, itatuwa nawa za a sare kuma wa zai dasa madadinsu, ya shayar da su har su kama. Abin da aka gani a rubuta, mai unguwa da dattawa su sa hannu, a kai kafin kwanakin su cika, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata a ajiye a gidan mai unguwa.