Zaɓen Injin Lantarki Don Ƙananan Motocin Tsere

A ƙasar Amurka akwai wani nau'in tsere da ake yi da motocin a-kori-kura a gajeren fili mai turɓaya da tuddai da kwana-kwana. Waɗannan motoci ne aka kwaikwaya aka ƙera ƙanana, masu tsawon kashi ɗaya bisa goma na manyan, waɗanda ake tuƙa su daga nesa da na'urar rediyo. Sun yi farin jini tun 2008, lokacin da kamfanin Traxxas ya fito da motarsa Slash. A ido kamar kayan wasan yara ne, amma duk wanda ya tashi saya wa irin wannan mota inji sai ya yi karo da darasin lantarki da maganaɗisu.

Injinan iri biyu ne. Akwai mai buroshi, wanda wasu 'yan guntayen gawayi ke goga a jikin sandar da ke juyawa don kai mata wuta. Yana da araha, sai dai buroshin na cinyewa. Akwai kuma marar buroshi, wanda naɗin wayarsa ke tsaye, maganaɗisun ne ke juyawa a ciki, na'urar saita gudu kuwa ita ke rarraba wuta ga naɗin bi da bi. Wannan shi ne masu gasa suka fi amfani da shi.

Inda sabon shiga ke ruɗewa shi ne wajen lambobin da ke jikin injin. Lambar Kv tana nuna yawan juyin da inji zai yi a minti ɗaya kan kowane bolt guda, idan ba ya jan komai. Inji mai Kv 3,500 da aka haɗa da batir mai bolt 7.4 zai yi juyi kusan 25,900 a minti. Lambar T kuwa adadin zagayen waya ce a naɗin. Ƙaramar T na nufin babbar Kv. Dalili shi ne, kamar yadda Michael Faraday ya gano a 1831, maganaɗisun da ke wucewa kusa da waya yana haifar da lantarki a cikinta. A cikin inji wannan lantarki yana ja da na batir, kuma yana ƙaruwa da yawan zagaye da saurin juyi. Saboda haka naɗi mai zagaye kaɗan sai ya yi gudu sosai kafin ja-in-jar ta tsayar da shi.

To amma ba a samun wannan gudu a banza. Gwargwadon hauhawar Kv, gwargwadon raguwar ƙarfin murɗawa da kowane amfiya ke bayarwa, don haka injin sai ya zuƙi wuta da yawa, batir ya ƙare da wuri. A fili mai santsi ma ƙarfin na iya zama illa, domin tayoyi ne za su yi ta juyawa wuri ɗaya, motar na wulwulawa a kwana. Shi ya sa a gasa da yawa ake ƙayyade inji mai 17.5T ko 13.5T ga kowa, don gwaninta ta raba gardama. Motar da tayoyinta huɗu ke ja ta fi nauyi, ita ake ba doguwar gwangwani mai lamba 550 maimakon 540.

A wajen fita daga kwana ne inji mai na'urar jin matsayin maganaɗisu ke nuna fifikonsa. Na'urar na aiki da abin da Edwin Hall ya gano a 1879, tana sanar da na'urar saita gudu inda maganaɗisun yake ko da motar na tsaye, sai ta tashi sumul. Wanda ba shi da ita yakan yi ɗan shasshaƙa kafin ya kama.

Saura zafi, wanda shi ke kashe yawancin injina. Idan aka sa wa inji babbar giya don neman gudu, nauyin da yake ja ya ƙaru, ya ƙara zuƙar wuta. In wutar ta ninka biyu, zafin da ke tashi a waya ninki huɗu yake yi, kuma maganaɗisun da ya sha zafi fiye da kima ƙarfinsa ba ya dawowa. Don haka ƙwararru sukan tsayar da mota bayan 'yan mintoci su auna jikin injin. Idan ya haura wajen digiri 70 a ma'aunin Salsiyas, sai su sauya giyar da mai ƙarancin haƙora ɗaya ko biyu, su sake gwadawa.