Ko Ka Sani? Na'urar Da Ke Tokare Maƙoshin Mai Barci Da Iska

Ko ka sani cewa akwai mutane miliyoyi a duniya waɗanda, idan dare ya yi suka gama shirin kwanciya, ba su sa haƙarƙarinsu a shimfiɗa sai sun ɗaura wani ɗan takunkumi na roba a kan hanci, sun haɗa shi da tiyo mai tsawon kamu huɗu, tiyon kuwa ya tafi ya shiga wani ɗan akwati da hannu ɗaya ke ɗauka, wanda zai kwana yana hura musu iska har asuba? Wanda ya leƙo ya ga mai barci a wannan hali, lalle zai zaci majiyyaci ne wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har aka sa masa iskar oksijin. Alhali kuwa babu oksijin a akwatin, babu magani ko ƙwaya ɗaya. Abin da ke ciki ɗan injin fanka ne kawai, iskar da yake turawa kuma ita ce iskar ɗakin da kowa ke shaƙa. Likitoci suna kiran wannan na'ura da haruffa huɗu, CPAP, ana furtawa sipap, mu kuwa sai mu ce na'urar tura iska.

Ba za a gane hikimarta ba sai an fara duba halittar hanyar da numfashi ke bi. Hanci yana da ƙashi da guringuntsi masu riƙe shi a buɗe, bututun da ke gangarawa daga zakaran wuya zuwa huhu shi ma an kewaye shi da zobbai na guringuntsi don kada ya lotsa. Amma tsakanin waɗannan biyu, watau daga bayan hanci zuwa zakaran wuya, akwai wani sarari wanda ba ƙashi ba guringuntsi, tsoka ce zalla da nama mai taushi, domin ta nan abinci ke wucewa, ta nan kuma ake sarrafa murya, tilas ya zamana yana iya matsewa da buɗewa. A nan gindin harshe yake, a nan ƙarshen ganɗa mai taushi yake tare da belin da ke reto a jikinsa. Muddin mutum yana farke, ƙwaƙwalwa tana ɗaure da waɗannan tsokoki ba tare da ya sani ba. Da zarar barci ya ɗauke shi sai ɗaurin ya sassauta, harshe ya zame baya, musamman ga wanda ya kwanta rigingine, hanya ta ƙuntata, iska ta riƙa kaɗa naman tana wucewa. Wannan kaɗawa ita ce minshari.

Galibin masu minshari nan abinsu ya tsaya, illarsa ba ta wuce ta hana maƙwabcin shimfiɗa barci ba. Amma akwai waɗanda hanyar tasu ba ƙuntata kaɗai take yi ba, rufewa take yi ruf. Wanda ya taɓa kwana kusa da irin wannan mutum ya san yadda abin yake: minsharin ya yi ta hawa yana ƙara ƙarfi, sa'an nan ya ɗauke ɗif kamar an yanke shi, ɗaki ya yi tsit, ga ƙirji da ciki suna ta ɗagawa suna faɗawa don neman iska, amma ko ƙanƙani ba ta shiga, har a ƙirga daƙiƙa goma, ko ashirin, wani lokaci ma fiye da minti guda, can sai mutumin ya zabura da wani irin gurnani mai haɗe da shaƙewa, ya ja numfashi uku ko huɗu masu zurfi, ya juya, minshari ya sake tashi daga farko. Abin da ya faru shi ne, oksijin ɗin da ke cikin jini ya ragu har ƙwaƙwalwa ta ji haɗari, ta farkar da mai ita na 'yan daƙiƙu don tsokoki su sake ɗaurewa. Farkawar kuwa gajeruwa ce ƙwarai, har ba ya tuna ta da safe. Likitoci sun yi ittifaƙi a kan cewa tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ita ake ƙirgawa, tare da raguwar numfashi mai tsanani, kuma wanda abin ya same shi sau 5 zuwa 15 a cikin sa'a guda ciwonsa mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. To, a lissafa wanda ake shaƙewa sau 30 a kowace sa'a, ya kwana sa'a bakwai: an tashe shi sau 210 a dare ɗaya, amma in ka tambaye shi da safe sai ya rantse maka bai motsa ba.

Sai da rana asirin ke tonuwa. Ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, ya yi gyangyaɗi a ofis, a majalisa, ana cikin huɗubar Juma'a, har ma, wal'iyazu billahi, a kan sitiyarin mota. Yawan tashi fitsari da dare ya dame shi. Fushi ya yi masa kusa, mantuwa ta yawaita. Hawan jini ya kama shi, irin wanda ake haɗa magani uku bai sauka ba, saboda kowace zabura ta dare tana zuwa da bugun zuciya da hauhawar jini. Mutane kuwa ba su da wata fassara sai su ce kasala ce ko cin tuwo da yawa. Wani nazari da aka buga a shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan larura a duniya, miliyan 425 daga cikinsu kuma nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani.

Abin mamaki, tun kafin likitoci su gane ciwon wani mawallafi ya riga ya siffanta shi. Charles Dickens na ƙasar Ingila, a littafinsa na labarin Pickwick wanda ya fito a 1836 zuwa 1837, ya kawo wani yaro mai ƙiba ana ce masa Joe, wanda ke barci ko a tsaye, ko an aike shi. Da likitocin Amurka suka rubuta bayanin wani majiyyaci mai irin wannan hali a 1956, sai suka laƙaba wa ciwon sunan littafin, amma suka ɗora laifin a kan nauyin kitse da ke danne ƙirji, domin da rana suke duba majiyyacinsu, ba wanda ya zauna ya ga yadda yake kwana. Sai a 1965 Henri Gastaut da abokan aikinsa a Faransa, da Richard Jung da Wolfgang Kuhlo a Jamus, suka sa na'urori suka kwana suna auna masu barci, suka tabbatar cewa numfashi ɗaukewa yake yi sau da yawa a cikin dare. Maganin da aka samu bayan haka yana aiki, amma mai ɗaci ne: a huda wuya a ƙarƙashin zakaran wuya, a sa bututu, iska ta riƙa shiga ta nan ta bar wurin da ke toshewa. Mutum ya sami barcinsa, ya kuma zauna da rami a wuya muddin ransa.

Ana nan a kan haka har wani likita ɗan ƙasar Ostireliya, Colin Sullivan, ya komo birnin Sidni bayan ya yi 'yan shekaru a Toronto ta ƙasar Kanada tare da Eliot Phillipson suna binciken yadda karnuka ke numfashi a cikin barci. Aikin karnukan nan ne ya koya masa ƙera takunkumin da ke manne wa hanci ba ya yoyon iska. A watan Yuni na 1980 aka kawo masa wani ma'aikacin gini wanda ciwon ya kai shi maƙura, aka ba shi shawarar huda wuya ya ce faufau bai yarda ba. Sai Sullivan ya ce to, akwai wata dabara da bai taɓa jarrabawa a kan ɗan Adam ba. Aka samo inji irin na na'urar zuƙe ƙura, aka juya aikinsa ya koma hurawa maimakon zuƙa, aka haɗa tiyo, aka liƙe bakinsa a hancin mutumin, aka bar shi ya yi barci. Nan da nan shaƙewa ta fara kamar kullum. Likita ya riƙa ƙara ƙarfin iska kaɗan kaɗan, har aka kai wani matsayi inda shaƙewar ta ɗauke gaba ɗaya, numfashi ya daidaita. Da yake mai bincike ba ya karɓar hujja daga gani ɗaya, sai ya rage iskar, shaƙewa ta dawo. Ya ƙara, ta tafi. Ya yi ta maimaitawa har shakka ta kau, sa'an nan ya bar injin yana aiki har gari ya waye. Mutumin ya yi barci mai nauyi irin wanda ya yi shekaru bai samu ba, ya kuma yini ranar idonsa biyu. A watan Afrilu na 1981 mujallar likitoci ta Lancet ta buga bayanin majiyyata biyar da Sullivan da abokan aikinsa suka yi wa wannan magani.

Nawa ne ƙarfin iskar da ta yi wannan aiki? Da tsayin ruwa ake auna shi. Ka sami kofi mai zurfi ka cika da ruwa, ka nutsa bakin siririn bututu santimita 10 a ciki, ka hura har kumfa ya fara fitowa. Ƙarfin da ka yi amfani da shi, kusan shi ne abin da yawancin majiyyata ke bukata, na'urorin kuwa daga santimita 4 zuwa 20 suke aiki. Bai kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin iskar da ke kanmu dare da rana ba. Na'urar ba ta numfashi a madadin mutum, shi ke ja shi ke fitarwa da kansa. Iyakar aikinta ta sa iskar da ke cikin maƙoshi ta ɗan fi ta waje ƙarfi, sai bangon nama ya kasa faɗawa ciki. Misalinta misalin karan da maɗori ke jerawa a kan karaya ne, wanda ba shi ke haɗa ƙashi ba, riƙewa kawai yake yi. Sai dai kuma ƙashi yakan warke a kwance kara, maƙoshi kuwa duk daren da aka ajiye na'ura sai ya koma halinsa.

Na'urorin farko ƙararsu ta isa ta hana gida barci, kuma kowane takunkumi sai an ƙera shi daidai da fuskar mai shi an liƙa da gam. Daga 1985 kamfanin Respironics ya fara sayar da su a Amurka, a 1989 kuma aka kafa kamfanin ResMed a kan aikin Sullivan. Na yanzu sautinsu bai wuce raɗa ba. Suna da matacin ƙura a mashigar iska, da ɗan mazubin ruwa mai ɗumi don kada hanci ya bushe, da ƙananan huji a jikin takunkumi inda gurɓatacciyar iskar da aka fitar ke ficewa. Wasu ma suna jin lokacin da hanya ta fara ƙuntata su ƙara ƙarfi da kansu, sa'an nan su rubuta lissafin daren domin likita ya duba.

Amma fa kada a kai ta inda ba ta kai ba. Cewa tana kawar da minshari da gyangyaɗin rana, tana rage haɗarin mota, tana ɗan sauke hawan jini, wannan ya tabbata. Cewa tana kare mutum daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki kuwa, a nan akwai saɓani tsakanin masana. Wani babban gwaji da aka buga a 2016, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 2,700 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, bai ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka ba na'ura da waɗanda ba a ba ba. Sai dai waɗanda aka ba ɗin, a matsakaicin lissafi, sa'a uku da 'yan mintoci kaɗai suke sa ta a dare. A ganina nan ne raunin na'urar yake, domin kwana da abu ɗaure a fuska sai da haƙuri da sabo, da yawa kuwa sukan gaji su tura ta ƙarƙashin gado.

Ba kuma kowane mai wannan ciwo ne maganinsa na'ura ba. Mai ƙiba in ya rage nauyi abin yakan yi sauƙi ƙwarai. Wani barin kwanciya rigingine ya ishe shi. Giya da ƙwayoyin sa barci suna ƙara sassauta tsokar maƙoshi. Wanda hancinsa ke toshe kuma a fara da gyaran hancin. Yara ƙanana galibi sababin nasu shi ne kumburin ƙululun nama biyu da ke gefen maƙoshi, waɗanda likitoci ke kira tonsil, da wani naman da ke bayan hanci, aikin tiyata kuwa yakan raba su da shi. Wannan larura ta fi yawa ga yara masu sikila, raguwar oksijin da dare kuma ba ƙaramin haɗari ba ce gare su. Cire beli da wanzamai ke yi ba ya maganin wannan larura, tunda toshewar ta haɗa da gindin harshe da bangon maƙoshi, inda aska ba ta kaiwa, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar cuta.

A ƙasashenmu na'urar tana da tsada, tana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa ko baturi mai kwana, ƙurar hunturu tana cika matacinta da wuri, wuraren gwajin barci kuma kaɗan ne. Duk da haka matakin farko ba ya cin ko kwabo, domin mai ciwon ba ya ganin kansa, wanda ke kwana kusa da shi ne shaida. Uwargida, in kin lura maigida yana ɗauke numfashi a cikin minsharinsa sa'an nan ya zabura, ki ƙirga daƙiƙun, in da hali ki ɗauki sautin a waya, ku tafi da shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. In kuwa direba ne mai doguwar tafiya, kada a jira sai wani mako.