Daga Dutse Zuwa Jidda: Yadda Ake Auna Nisan Tafiyar Jirgin Sama

Tun daga 2014 da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse, maniyyatan Jihar Jigawa suka sami damar tashi zuwa Ƙasa Mai Tsarki daga gida. To, shin kilomita nawa ne tsakanin Dutse da Jidda, kuma ta yaya aka san haka, alhali ba wanda ya taɓa shimfiɗa igiyar awo a sararin samaniya?

Amsar tana cikin layukan da masana labarin ƙasa suka zana a kan taswira. Dutse tana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Jidda kuwa kusa da digiri 22. Kowane digiri daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, saboda haka digiri 10 ya ba mu wajen kilomita 1,100.

Wajen auna gabas ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Jidda ta ɗara Dutse gabas da kusan digiri 30, sai ɗalibi ya yi gaggawar ninka 30 da 111. Kuskure ne. Duniya mulmulalliya ce, kuma layukan da suka tashi daga kudu zuwa arewa suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ƙuryar arewa, kamar ɓarin lemo. A tsakanin garuruwan nan biyu, digiri ɗaya na gabas bai wuce kilomita 106 ba, wato jimilla kimanin kilomita 3,170. Idan aka haɗa wannan da 1,100 ta ƙa'idar Faisagoras, za a sami kimanin kilomita 3,350. Ya kamata malami ya sa ɗalibai su gwada da zare a kan taswira mai siffar ƙwallo. Za su ga zaren ya bi ta kan Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, sannan ya ƙetare Bahar Maliya.

Jirgin da ke gudun kilomita 850 a sa'a zai ci wannan nisa cikin sa'o'i huɗu, ban da lokacin tashi da sauka. Alhaji zai ga kamar shida ne, domin agogon Saudiyya yana gaban namu da sa'o'i biyu. Kakanninmu da suka bi ta Maiduguri da Fashir zuwa Sawakin a ƙafa ko bisa jakuna kuwa, watanni suke yi, wasu ma shekaru.

Sai dai jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera.