Ko ka san furen jikin faɗi-ka-mutu gilashi ne?

Leƙa ɗakin amarya a Hausari ko Gwange cikin Maiduguri, ka dubi jerenta: kwanuka bisa kwanuka, farantan tangaran na ɗaukar ido. Da yawa sun ɗauka fenti ne a jikinsu. Gilashi ne wuta ta narkar.

Cibiyar wannan sana'a ita ce Jingdezhen, a lardin Jiangxi na ƙasar Sin, garin da ya samu wannan suna a 1004. Farar ƙasa ake kwaɓawa da garin wani dutse, a gina kwano, a tsoma shi cikin ruwan ƙyalli, a rufe a tanderu har zafi ya kai wajen digiri 1,300. Randarmu ta gida ba ta shan ko kusa da wannan wuta, shi ya sa take tsattsafo tana sanyaya ruwa. Tangaran kuwa ko ɗigo ba ya sha.

Adon da ke bisa ƙyalli sai an koma wuta karo na biyu. Mai zane zai niƙa gilashi mai launi ya dama, ya zana tsaunuka da kogi da ɗan kwalekwale, ya yi rubutu a gefe, sannan a gasa a ƙaramin tanderu, wajen digiri 800. Shafa tsohon faranti da yatsa, za ka ji zanen ya ɗan yi tudu.

Sinawan nan sun san kan kasuwa. A zamanin Sarki Zhengde, 1506 zuwa 1521, har da rubutun Larabci suke yi a jikin tangaran. A ƙarni na 18 kuma fararen kwanuka ake kaiwa Guangzhou a zana abin da fataken Turai suka nema. Su Turawan sun daɗe suna laluben sirrin, sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus.

Kwanon samira ma ɗan gidan ne, sai dai shi a kan ƙarfe ake narka gilashin, in ya faɗi ya ɓantare kawai. 'Yan kasuwar Hong Kong ne suka kafa masana'antunsa a Legas da Kano wajen 1960.

In ka je Kasuwar Monday sayen faranti, ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Na ƙwarai zai yi ƙara kamar ƙararrawa, kuma in ka ɗaga shi a rana za ka hangi inuwar yatsunka.